Ɗan Allon Likita a Kwallar Inna

Gidan da muka zauna a Agege yana bayan layin dogo ne, ɗaki yana kallon ɗaki, doguwar baranda a tsakiya. Ɗakina da na Inna, uwar maigidana, bango ɗaya ya raba su, bangon kuwa bai kai rufi ba, an bar tazarar da kyanwa za ta iya bi. Ta wannan tazarar na raini 'yata ta fari.

Na ce na raine ta, amma gaskiya Inna ce ta yi rainon. Ranar da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, yadda ake yi wa kowace 'yar fari a danginsu, ga shi kuma sunan Inna aka sa mata, sai kunya biyu ta hau kaina. Ba na kiran sunanta, ba na goya ta, idan ta faɗi ta kurje gwiwa sai in ci gaba da tankaɗe kamar ban gani ba. Inna tana ce mata Takwara. Ita kuma tana ce mini Anti, yadda 'ya'yan Legas ke ce wa duk macen da ta girme su. Ban taɓa jin haushi ba. Haka na tarar ana yi, uwata ma haka ta yi da yayata.

To amma ido aka hana ni, ba a hana ni kunne ba. Na san takunta tun daga bakin ƙofar gida, silifas ɗinta na hagu yana ɗan jan ƙasa. Na san yadda take ajiye bokiti: idan ta dangwarar da shi, an yi mata faɗa a makaranta, idan ta ajiye a hankali, akwai abin da take so ta roƙi Inna. Tana wanke-wanke tana wani ɗan gunguni a hanci wanda ba waƙa ba ne, ita ma ba ta san tana yi ba. Ni kuwa ina wancan gefen bango ina tsince shinkafa, ina tattara duk wannan ina adanawa.

Shekarar da nake ba da labari, sojoji sun yi kamar shekara biyu da komawa bariki. Maza a bakin masallaci ba su da hira sai ta siyasa, wayar hannu kuma ta fara shigowa, amma sai a aljihun manyan dillalai. Damina ce mai ruwa. Famfon unguwa ya daɗe da yin shiru, saboda haka kowane ɗaki ya kafa duro a ƙarƙashin indararo. Ina son durorin nan. Da hantsi idan ka leƙa sai ka ga sama a ciki, gajimare yana wucewa a hankali, ga wasu 'yan tsutsotsi ƙanana suna rawa a cikin gajimaren. Akwai kuma wani sauro baƙi mai zanen fari a ƙafa, kamar ya sa safa, shi ba ya jiran dare, da rana tsaka yake cizo. Muna yi masa dariya, muna cewa sauron Legas ma ba ya hutawa.

Maigidana ya tafi Shagamu sayen goro, daga can zai shiga ƙauyuka, ya ce sai bayan mako biyu. Mu mata aka bari.

Ranar Talata yarinyar ta dawo daga makaranta, ban ji silifas ba, sai na ji an zauna a kan tabarma da nauyi. Shekararta goma sha uku a lokacin.

"Inna, bayan idona ke ciwo," in ji ta. "Ƙasusuwana kamar ana daka su."

"Rana ce ta buge ki, Takwara. Kwanta."

Inna ta dafa ganyen darbejiya ta yi mata sirace. Washegari jikin ya ƙara zafi, har ta bango ina jin yadda take juyi. Inna ta shekara ashirin a Legas amma Yarabancinta bai wuce na sayen barkono ba, ni kuwa a Agege aka haife ni. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Ke, sa mayafinki ki zo ki yi mana baki." Na ɗauki filas ɗin ruwa na bi su a baya, taku uku tsakaninmu, kamar wata maƙwabciya da ta yi rakiya.

Asibitin ƙarami ne, a saman wani gidan burodi, ana hawa matakala ƙamshi yana bin mutum. Likitan Bayarabe ne, an ce a Indiya ya yi karatu. Ya sa aka duba jininta a madubi ko maleriya ce, ba a ga komai ba. Ya tambaye ta inda ke ciwo, da ta nuna bayan ido sai ya jawo durowa ya fito da wani kwali da ya ce daga can ya zo da shi. Ya miƙa wa matar da ke ɗibar jini, wata dattijuwa mai tabarau rataye da zare.

Abin da ke ciki ɗan farin roba ne, bai fi tsawon yatsa ba, da rami ƙarami a gindi da 'yar taga a tsakiya. Matar ta soki yatsan yarinyar, ta ɗiga jini a ramin, ta bi shi da wani ruwa fari, sannan ta ɗaga kai ta kafa wa agogon bango ido. Muka sunkuya mu uku. Wani ja-ja ya fara tafiya a cikin tagar, a hankali, yadda ruwan lalle ke bin farin ƙyalle. Ya wuce, ya bar layi guda siriri.

"Rubutu yana fitowa da kansa," in ji Inna ƙasa-ƙasa. "Allo ne ke nan."

Matar ta ce layi ɗaya babu, layi biyu akwai. Likitan ya faɗi sunan ciwon da yake zargi, dengi, ban taɓa jinsa ba sai ranar. Ya ce sauron rana ke kawo shi. Ya hana a ba ta garin maganin ciwon kai na takarda da ake sayarwa a kan tire, ya rubuta wata ƙwaya, ya ce a yi ta ba ta ruwa da kunu da ruwan kwakwa. Sannan ya ɗaga yatsa uku ya ce a dawo da ita ranar Asabar a sake gwadawa, ko zazzaɓin ya sauka, musamman ma idan ya sauka. Duk na juya wa Inna da Hausa, ban rage ko kalma ba. Amma na ga fuskarta tun a kan "babu" ta zauna, sauran maganar ta bi ta sama.

Inna tana gyara wa yarinyar ɗankwali, sai na ji matar tabarau tana ce wa wata nas da Yarabanci, can ƙasan maƙoshi, tana wanke hannu: "Kwana biyu kacal. Abin nan makaho ne a farkon ciwo, sai jiki ya yi kwana biyar yana faɗa kafin ya ga wani abu." Ba da ni take ba. Ban juya wa Inna ba, don idan na juya, na nuna ke nan ina sauraren abin da ya shafi 'yar fari har da wanda ba a faɗa mini ba. Na haɗiye maganar ta zauna mini a ƙirji.

Za mu fita Inna ta ce a ba ta allon. "Jinin Takwara ne a ciki. Ba a barin jinin mutum a hannun baƙi." Matar ta yi dariya ta naɗe shi a takarda, ta ce, "Mama, bayan 'yan mintoci ba shi da sauran amfani." Na juya. Inna ta ce, "Ita ta sani."

A gida ta buɗe kwallar da ke can saman jerenta, mai furanni shuɗi, inda take ajiye zoben azurfarta da 'yar kwalbar zamzam, ta sa shi a ciki. Tun daga ranar, kullum da hantsi sai in ji ƙarar murfin kwalla. Ta fito baranda, ta ɗaga allon saitin haske, ta kanne ido ɗaya.

"Layi ɗaya," ta ce. "Alhamdu lillahi."

Matan gida suka riƙa zuwa kallo. Maƙwabciyarmu mai kitso har da goge hannu a zani kafin ta karɓa. Inna ta yi musu bayani, bayaninta kuwa yana da kan gado. Ta ce me ya sa ake binne gashi da farce idan an yanke? Ai don har yanzu na mai su ne. To balle jini. Jini ya san mai shi ko yana ina. Idan jikin Takwara ya juya, wannan ɗigon ma zai juya, layi na biyu ya fito, a lokacin sai mu ruga asibiti. Ga likita a cikin kwalla, me za a je nema a saman gidan burodi?

Ba zan ɓoye ba, rabin zuciyata ta yarda. Maganar tana da daɗin ji. Bayan azahar, idan gida ya yi tsit sai ɗigar ruwa a duro, nakan kishingiɗa barci ya ɗan fizge ni, in ga layin nan ja ya miƙe ya zama layin dogo, ya nufi arewa ta cikin gajimare, yarinyar tana tafiya a kansa da silifas ɗinta, ƙafar hagu tana jan ƙasa, ni kuma ina bin ta taku uku a baya da filas a hannu. Ba na kiranta, don ba ni da sunan da zan kira ta da shi. In farka in kasa kunne, in ji nishinta ta saman bango, in tashi in dama kunu in ajiye a ƙofar Inna ba tare da na ce na wane ne ba.

Alhamis da Juma'a jikin yana ci kamar garwashi. Ranar Asabar da safe sai na ji muryar Inna a baranda, sakayau.

"Jama'ar gida, zazzaɓi ya tafi. Jikin Takwara sanyi kamar randa. Ke, jiƙaƙƙiyar shinkafar nan taki, a yi waina a raba sadaka."

Na fito na durƙusa na gaishe ta. Na ce, ina kallon ƙasa, "Inna, yau ce Asabar ɗin da likita ya ce."

"A koma a yi me? Zafi ya sauka, allo bai canza ba, yanzu na duba." Ta dube ni da murmushi. "Ko kin fi ni son ta ne?"

Mai kitso ta ce, "Yau uwar 'yar fari ta yi baki. A kawo sukari a sa mata." Aka yi dariya, ni ma na yi, na ja mayafi na rufe fuska.

Na kai ƙullu inji na dawo, na bar shi ya tashi, wajen azahar na kafa tanda a gindin bangon Inna. Ina zuba ƙullu ina saurare. Abin da ya fara damuna shi ne ban ji komai ba. Yaron da ya warke yana da surutu: ya ce yunwa, ya ce kunun ya yi tsami, ya nemi a buɗe taga. Ita shiru. Ƙofar banɗakinmu ta kwano ce, tana da kuka iri nata, kuma tun safe na ji kowa ya ja ta ban da ita, alhali an ɗura mata ruwa kofi-kofi. Sai numfashin. Gajere ne, sama-sama, irin na wanda ya hau gadar Oshodi da kaya a ka. Can na ji yunƙurin amai, da wata 'yar murya da ban san ta da ita ba ta ce, "Cikina."

Inna ta fito da tasa da asuwakin yarinyar za ta zubar. Bakin asuwakin ja ne.

"Dasashi ne," ta ce da ta ga inda nake kallo. "Zafin zazzaɓi ke sa haka."

Ban san lokacin da na ajiye cokalin juyi ba. Ɗakin da ban taɓa shiga ba sai na yi sallama an amsa, sai ga ni a tsakiyarsa. Na kama hannun yarinyar. Sanyi ne, amma ba sanyin randa ba, irin damshin ganyen da ake naɗe goro. Idonta a buɗe, ba ya tsayawa a kan komai.

Inna ta shigo a bayana, ta miƙa hannu ta sauko da kwalla, ta buɗe ta nuna mini. "Duba da idonki. Ɗaya ne ko biyu?"

"Ɗaya ne, Inna."

"To?"

"Inna, ki yi mini aikin gafara. Allon nan abin da ya gani ranar Laraba shi ya faɗa, tun ranar bai ƙara ganin komai ba. Kuma ranar ma na ji matar tana cewa makaho ne a farkon ciwo. Na ji da kunnena, kunya ta hana ni faɗa miki."

Ta mayar da murfin kwallar. Ni kuwa ban jira ba. Na jawo zanin Inna daga kan igiya, na juya baya na durƙusa a bakin katifa.

"Hau," na ce.

"Anti, na yi girma."

"Hau dai."

Na ɗaure ta a ƙirji da ƙugu yadda ake ɗaure jariri, ƙafafunta suna bugun gwiwoyina. Da na fito baranda babu wadda ta yi dariya. Wainar tana ƙonewa, mai kitso ta tsallaka ta sauke tandar.

Ban nemi ɗan okada mai babur ba, don ba za ta iya riƙe kowa ba. Tafiyar ba ta da nisa, amma har yau idan na tuna ta sai in ga kamar a cikin ruwa na yi ta. An yi yayyafi an ɗauke, ƙasa tana tururi. Na tsallaka layin dogo, masu tallar barkono sun baza kaya a kan ƙarfen, yaran motocin haya na danfo suna kiran Oshodi, duk ina jin su can nesa kamar rediyon maƙwabta. Abin da ke kusa shi ne numfashinta a wuyana. Shekara goma sha ɗaya ina jin numfashin nan ta saman bango, ranar na ji ɗuminsa. A bayana kuma, taku uku, murfin kwalla yana ƙwal-ƙwal. Inna ce ta biyo mu, ta rungumo kwallar a ƙirji.

Likitan bai jira wani gwaji ba. Ya danna farcenta ya saki yana kallo, ya taɓa cikin ta yi ƙara, ya ɗaga leɓenta, nan take ya sa aka kwantar da ita aka rataya ƙarin ruwa. Sai da ruwan ya fara ɗiga sannan matar tabarau ta ɓare sabon allo. Muka sake sunkuyawa. Ja-jan ya wuce, layi ɗaya ya fito. Muna nan, muna nan, sai wani ya fara bayyana a gefensa, siriri kamar zaren gizo-gizo, har sai da matar ta sa tabarau.

Inna ta warware nata ta ajiye kusa da sabon. Ta daɗe tana kallon su.

"Tambaye ta," ta ce mini, "wanne ne maƙaryacin?"

Matar ta ce babu maƙaryaci a cikinsu. Ta ce abin ba ciwon kansa yake gani ba, alamar faɗan da jiki ke yi da ciwon yake gani, alamar kuwa ba ta taruwa a jini sai an yi kamar kwana biyar ana fama. Ranar Laraba ba ta taru ba. Ta ƙara da cewa wani lokacin ko an kai kwana biyar ɗin yakan yi shiru, wani lokacin kuma ya ja layi saboda wani zazzaɓin daban mai kama da wannan. "Ko layi ɗaya ya nuna yau, ba za mu sallame ta ba, Mama. Mun ga hannunta, mun ga bakinta."

"To mene ne amfaninsa?" in ji Inna.

"Shaida ne guda ɗaya. Ba shi ne alƙali ba."

Na juya mata. Inna ta gyaɗa kai a hankali, irin na wadda ta taɓa zama a gaban alƙali. Ta naɗe duka biyun ta mayar kwalla.

Kwana uku muka yi a ɗakin nan na saman gidan burodi. Likitan ya ce da an ƙara yini ɗaya a gida, da maganar ta yi nauyi, bai faɗi fiye da haka ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ni dai ina zaune a bakin ƙofa a kan benci, na koma mazaunina na da, ina ƙirga ɗigar ruwan da kunne. Rana ta biyu na ji ta ce za ta zaga. Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba. Rana ta uku wasu ƙuraje ja suka feso mata a ƙafa, tana ta susa tana mita, ta ce ƙamshin burodin nan zai kashe ta, a sayo mata mai zafi.

"Kin ji ta," in ji Inna. "Takwara ta dawo da fitina."

Ta zuba kunu a kofi, ta tsaya, sannan ta waiwayo wajen benci.

"Ke, zo ki ba ta. Hannuna rawa yake yi."

Na duba hannun, ko motsi ba ya yi. Na taso na karɓa, na zauna a bakin gado na tallafi kanta. Ta sha rabi ta ture, ta ce ba sukari. Na ce haka za ta shanye shi.

Maigida ya dawo ya tarar an gama komai, sai labari, da durori duk an ɗaure musu baki da buhu don kada sauron rana ya hayayyafa a ciki. Inna ba ta taɓa tayar da maganar goyon ba, ni ma haka. Na koma ɗakina, yarinyar ta koma nata, har ta yi aure tana ce mini Anti, yanzu ma haka take cewa. Sai dai daga ranar, idan jikinta ya yi ɗumi, Inna takan ɗaga murya ta saman bango ta ce, "Ke, me kika ji?"

Da Inna ta rasu aka raba jerenta, na ce a bar mini mai furanni shuɗin. Allunan suna ciki a takardarsu. Sun yi rawaya, layukan duk sun goge, ba ka iya gane na Laraba da na Asabar.